Abubuwan da ya kamata ka sani kan yadda Japanawa ke kwatanta barci

Bajapane bai cika tsayawa kan "ya yi barci" ba, sai ya haɗa da kalmar da za ta nuna wane irin barci ne. Irin kalmomin nan ne malaman Hausa ke kira amsa-kama, su "tsit" da "shame-shame", kuma Japananci na da su birjik. Ƙamus ɗin da Ono Masahiro ya fitar a 2007 ya tattara 4,500.

Kashi biyu ne

Akwai giongo, masu kwaikwayon sautin da kunne ke ji, da gitaigo, masu kwatanta yanayin da ba shi da sauti. Barci ya fi karkata ga na biyun.

Daga gyangyaɗi zuwa barci mai nauyi

Utouto shi ne barcin da ke fizgar mutum kaɗan-kaɗan. Idan kai ya fara sunkuyawa yana ɗagowa, kamar yadda ake ganin ma'aikata a jiragen ƙasan Tokiyo da yamma, jaka a cinya, waya na shirin suɓucewa daga hannu, wannan kokkuri-kokkuri ne. Mai magagi yana tauna magana kuwa munyamunya yake yi.

Gussuri shi ne barcin da kowa ke nema: mai nauyi, babu farkawa, a tashi garau. Suyasuya kuma na jariri ne, numfashi a hankali, fuska a sake. A ganina ita ce mafi daɗi a cikinsu, don ko faɗinta ma ba a yi da ƙarfi.

Nauyin baƙi, nauyin barci

Nan ne abin ya fi burge ni. Kuukuu numfashi ne mai sauƙi, amma da zarar "k" ta koma "g", an sami guuguu, wato munshari sosai. Haka tsarin yake a harshen: baƙi mai kauri na nuna abu babba ko mai ƙarfi, shi ya sa korokoro ke nufin gangarowar ƙaramin abu, gorogoro kuma na ƙaton dutse.

Inda mai koyo ke tuntuɓe

Ba a musanya su yadda aka ga dama. Ka ce wa mai masaukinka ka yi barci gussuri, zai ji daɗi. Ka ce ka ji shi yana guuguu cikin dare, to ka faɗa masa cewa munsharinsa ya iso ɗakinka.