Sabunta Dandalin Jagororin Taska na Kaliforniya da Abin da ya Shafi Manazarcin Hausa

Ba a neman takarda a gidan ajiyar takardun tarihi kamar yadda a ke neman littafi a laburare. Littafi yana da suna da mawallafi, kuma akwai irinsa da yawa a wurare dabam dabam. Takardar tarihi kuwa ɗaya ce tak, sau da yawa ba ta da suna, tana cikin fayil, fayil yana cikin akwati, akwati kuma yana cikin ɗaruruwan 'yan'uwansa. Abin da ke kai mai nazari gare ta shi ne wani rubutu da ma'aikatan gidan su ke tsarawa, wanda a wannan maƙala za a kira shi jagoran taska. Taska a nan ita ce dukan takardun da mutum guda, ko iyali guda, ko ofis guda ya tara cikin aikinsa. Jagora yakan faɗi wanda ya tara su, da shekarunsu, da yawansu, sa'an nan ya jera abin da ke cikin kowane akwati.

1. Ƙa'idar asali

Jagora yana bin wata tsohuwar ƙa'ida, watau kada a gauraya takardun wani da na wani, ko da maganarsu ɗaya ce. An kafa ta a Faransa a 1841 bisa ga shawarar Natalis de Wailly, kāna malamai uku na ƙasar Holan, Muller da Feith da Fruin, suka ƙarfafa ta cikin littafinsu na 1898. Dalili kuwa shi ne ma'anar takarda tana rataye da inda ta fito. Wasiƙar da hakimi ya aika wa razdan, in an same ta cikin takardun razdan, shaida ce ta cewa ta isa hannunsa. In kuwa cikin takardun hakimin aka same ta, mai yiwuwa ne kofe ce, ko ma ba a aika da ita ba sam.

Saboda haka jagora hawa hawa ya ke: taska a sama, ƙarƙashinta kashi kashi, ƙarƙashin kowane kashi fayiloli. Abin da aka faɗa a sama ba a maimaita shi a ƙasa. Majalisar gidajen ajiya ta duniya ta tabbatar da wannan tsari cikin ma'aunin da a ke kira ISAD(G) a 1994. Fayil mai suna "Wasiƙu, 1938" ba ya gaya wa kowa kome sai an san wasiƙun wane ne, wannan bayani kuwa yana can hawa biyu ko uku a samansa.

2. Yadda jagora ya shiga intanet

A 1993 Daniel Pitti ya fara wani aiki a Jami'ar Kaliforniya ta Berkeley, a Amurka, na neman hanyar rubuta jagora yadda kwamfuta za ta gane hawa hawansa. Daga nan aka sami tsarin da a ke kira EAD, wanda zubinsa na farko ya fito a 1998, na biyu a 2002, na uku a 2015. Cikin wannan tsari kowane yanki na jagora yana ɗauke da alama mai nuna cewa wannan suna ne, wannan shekara ce, wannan lambar akwati ce.

A 1998 ɗin ne kuma aka kafa dandalin Online Archive of California, wanda a ke taƙaita sunansa OAC, ƙarƙashin laburaren intanet na jami'ar. Cibiyoyi fiye da 300 na jihar, da laburarori da gidajen kayan tarihi da ƙungiyoyi, suna zuba jagororinsu a cikinsa, har adadinsu ya wuce 50,000. Tsohon dandalin yana tafiya ne a kan wata manhaja mai suna XTF, wadda laburaren ya ƙera da kansa. Da tafiya ta yi nisa, kula da ita ya yi wuya, gama masu aiki da ita sun ragu. A 2025 aka ƙaurar da dandalin zuwa manhajar ArcLight, wadda Jami'ar Stanford ta jagoranci ƙera ta tare da waɗansu jami'o'i, kuma kowa yana da damar ɗauka ya gyara. Amfanin wannan a fili ya ke: nauyin da gida ɗaya ya ke ɗauka ya zama na jama'a.

3. Abin da ya sāke

Babban bambanci shi ne abin da injin nema ya ke ɗauka a matsayin abu guda. A zubi irin na dā, jagora baki ɗaya shi ne abu guda. In mutum ya nemi kalmar "Kano", a kan kawo masa jerin taskokin da kalmar ta fito a jagororinsu, shi kuma ya shiga kowanne ya bi sawu. ArcLight kuwa tana rarraba jagora, ta lissafta kowane kashi da kowane fayil shi kaɗai. Mai nema yana iya faɗawa kai tsaye a kan fayil ɗin da ya ke so, ko da fayil guda ne tak cikin taskar da ba ta da wata alaƙa da Afirka a sunanta.

Wannan sauƙi yana tafe da hatsari. Fayil ɗin da aka tsamo shi kaɗai ya rabu da danginsa, ga shi kuwa an nuna a sama cewa rabin ma'anarsa na wurinsu. Don maganin haka ne ArcLight ta ke nuna nasabar kowane fayil tare da shi, daga taska zuwa kashi zuwa gare shi, ta kuma nuna maƙwabtansa na gaba da na baya. Amma fa manhaja ba ta iya nuna abin da ba a rubuta ba. Jagoran da aka tsara shi da sakaci shekara hamsin da suka wuce, da sakacinsa zai ƙaura zuwa sabon gida.

Akwai kuma batun adireshi. Malamai sun riga sun ambaci dubban jagorori cikin littattafansu, in adireshi ya mutu ambaton ya tashi a banza. OAC yana ba kowane jagora lamba ta dindindin irin wadda a ke kira ARK, wadda John Kunze ya ƙago a 2001. Lambar nan ya kamata mai nazari ya rubuta a duk inda ya ambaci taska.

4. Inda abin ya taɓa Hausa

Takardun da suka shafi ƙasar Hausa a warwatse su ke cikin duniya, Kaliforniya ma tana da rabonta. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya koyar a Stanford daga 1962, takardunsa kuma suna ajiye a can. To, injin nema haruffa ya ke gwadawa, bai san ma'ana ba, nan ne kuwa manazarcin Hausa ya ke gamuwa da matsala biyu.

Ta farko ita ce ta haruffa masu ƙugiya. Kafin ɓ da ɗ da ƙ su zauna da gindinsu cikin shekarun 1930, waɗansu marubuta ɗigo su ke sa wa harafi a ƙasa, waɗansu waƙafi a gefe, waɗansu kuwa ba su sa kome. Yawancin keken rubutun da aka buga tsofaffin jagorori da shi ba shi da waɗannan haruffa. Injin Solr, wanda ArcLight ta ke aiki da shi, ana iya saita shi ya ɗauki ƙ daidai da k, ɗ daidai da d. In an yi haka, wanda ya nemi "ƙasa" zai sami "kasa", ba zai rasa kome ba, sai dai garin Daura zai zo masa a gauraye da ɗaura. In ba a yi ba, wanda ya rubuta kalma bisa ƙa'ida shi ne zai tashi hannu banza. Na farkon ya fi dama, gama tsince tsakuwa daga cikin shinkafa ya fi sauƙi bisa ga rashin shinkafar.

Ta biyu ta fi wuya, ita ce ta sunaye. Sunan harshen kansa Jamusawa sun rubuta shi Haussa, Faransawa Haoussa, waɗansu Turawan Ingila na dā Houssa. Sakkwato ita ce Sokoto, Zazzau kuma takan fito Zaria ko Zegzeg. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana fitowa Dan Fodio a wuri guda, Uthman ibn Fudi a wani. Babu saitin injin da zai haɗa waɗannan, sai mutum ya zauna ya tsara jerin sunaye, ya zaɓi siga ɗaya ta zama uwa, ya rataya sauran a jikinta, ma'aikacin gidan ajiya kuma ya sa ta cikin jagora. Aiki ne na masanin harshe, kuma sassan nazarin Hausa su ne suka fi kowa cancantar yinsa.

Har wa yau, gidan ajiyar takardun tarihi na Kaduna da Gidan Arewa da makamantansu suna da jagorori nasu, kuma ƙa'idodin nan duka sun hau kansu duk ranar da a ke shirya su don intanet. Malamin kwalejin horon malamai da ke tura ɗalibansa bincike lalle ne ya koya musu abu uku: su nemi kalma da ƙugiya da kuma babu ƙugiya, su gwada kowace siga ta suna da suka sani, kuma kada su ambaci fayil sai sun hau sama sun karanta bayanin taskar da ya fito daga cikinta.