Ran Mutum da Ran Dabba a Ma'aunin Harshe da Fikihu

Ran Asabar, 28 ga watan Mayu na shekarar 2016, wani yaro ɗan shekara 3 ya sulale wa mahaifiyarsa a gidan ajiye namun daji na birnin Sinsinati, cikin ƙasar Amurka. Ya ƙetare shinge, ya faɗa cikin gwalalon ruwa wanda ya kewaye mazaunin gwaggon birai, irin waɗanda Turawa ke kira gorila. Masu tsaro suka yi kira, matan biran biyu suka shige ɗaki, amma namijin ya ƙi. Sunansa Harambe, shekararsa 17, nauyinsa kuwa wajen kilo 200. Ya sauka wurin yaron, wani lokaci ya tsaya kansa kamar mai tsaronsa, wani lokaci ya kama ƙafarsa ya ja shi cikin ruwa da ƙarfi. Bayan kamar minti 10 sai masu gidan suka harbe birin, aka fitar da yaro da rai. Suka ce ba su harba masa allurar barci ba domin ta kan ɗauki lokaci kafin ta kama jiki, zafinta kuma ya iya harzuka shi.

Aka yi ta gardama a kan wannan al'amari har wata da watanni. Waɗansu suka ce birin ba shi da laifi, ba shi ya kai kansa kurkuku ba, irinsa kuwa sun kusa ƙarewa a duniya. Waɗansu suka tuna da abin da ya faru a 1996 kusa da birnin Shikago, inda wata macen gorila mai suna Binti Jua ta ɗauki wani yaro da ya faɗa mazauninsu, ta kai shi bakin ƙofa aka karɓe shi. Bahaushe in ya ji labarin nan galibi mamakin gardamar ya kan yi, ya ce ina biri ina ɗan mutum? Ni ma hukuncina ke nan. Amma hukuncin da mutum ba ya iya faɗin dalilinsa ba ya jure tambayar ɗalibi mai kaifin hankali, malaman kwalejojin horon malamai kuwa sun fi ni sanin irin ɗaliban nan. Nufina a wannan takarda in bi sawun hukuncin, in ga inda ya samo ƙarfinsa, in kuma ga inda ya tsaya.

Bari mu fara da harshe, tun da ya ke shi ne sana'ata. Kalmar rai ɗaya ce ga mutum da dabba: akuya mai rai ce, mai akuya ma mai rai ne, kuma dukansu ransu ya kan fita. Daga nan hanya ta rabu. Kowane mai rai ya kan mutu, amma mutum kaɗai ke rasuwa, shi kaɗai ke cikawa, shi kaɗai ke riga mu gidan gaskiya. Wanda ya ce jakinsa ya rasu, raha ya ke yi. Dabbar da ta mutu ba yanka mushe ce, kalmar nan kuwa ba a ɗora ta kan mutum sai don zagi. Kisan kai na mutum ne kurum; in kuwa aka ce an yi wa mutum yankan rago, abin da ke sa jikin mai ji ya yi sanyi shi ne an ɗauko aikin da ke na dabba an aikata shi ga wanda ba dabba ba. In gobara ko ambaliya ta auku, mu kan ce an yi hasarar rayuka da dukiyoyi. To, shanun da ruwa ya ci, cikin wane kashi su ke? Kowa ya sani cikin dukiyoyi a ke lissafa su, ko da ya ke da ransu ruwa ya tafi da su.

Akwai kalma guda wadda ta fi sauran tona asiri, watau nama. Abin da ke cikin tukunya nama ne, abin da ke gudu cikin daji ma nama ne, jam'insa namun daji. Ashe tun barewa na tsaye da ƙafafunta harshe ya riga ya kira ta da sunan abin da za ta zama. Ba mu kaɗai ke yin haka ba: a Sawahili nyama shi ne nama, mnyama kuwa dabba. Ita kalmar dabba aro ce daga Larabci, asalinta mai tafiya bisa ƙasa, kuma a wannan ma'ana ta asali har mutum ya shiga ciki. Da ta zo Hausa sai ta tsuke, ta fid da mutum, har muka gina dabbanci a kanta, muka sa shi kishiyar mutunci da muka gina kan mutum.

Amma fa a yi hattara a nan, don akwai wani rami da masu nazarin harshe kan faɗa. Kada a ce nahawun mutane shi ke nuna zuciyarsu. Hausa ta raba wa da me, ta ce wa ya shigo in mutum ne, me ya shigo in kare ne. Amma a lamiri ba ta raba ba, doki shi ne, goɗiya ita ce, daidai da miji da mata, ba kamar Ingilishi ba wanda ya ware wa dabba da dutse lamiri guda. Fillanci ya keɓe wa mutane ajinsu na suna, ya sa saniya, nagge, cikin aji ɗaya da rana da wuta. Sawahili kuwa ya kan bai wa zaki da kaza irin lamirin da ya ke bai wa mutum. Duk da haka ba wanda zai ce Basawahile ya fi Bafillace tausayin saniya. Abin da harshe ke nuna mana shi ne inda mutanen da suka ja layi. Ba ya gaya mana ko sun ja shi daidai. Wannan sai a nemi hujjarsa wani wuri.

Wurin da Bahaushe ya saba neman hujja shi ne fikihun Malikiyya, kuma abin sha'awa, mas'alar Harambe tana can tun fiye da shekara 1,200. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya yi magana kan raƙumin da ya taso wa mutum har ya ji tsoron halaka, ya kashe shi: in yana da shaida cewa raƙumin ya nufe shi, ba ya biyan kome. Malaman Hanafiyya sun ce ya kashe, amma ya biya mai raƙumi ƙimarsa. A lura da inda saɓanin ya ke. Ba wanda ya ce a bar raƙumi ya halaka mutum don raƙumin ba shi da laifi; gardamarsu kan kuɗi ce kurum. Haka kuma in jirgin ruwa ya tasam ma nutsewa, Malikiyya sun halatta a jefa kaya cikin ruwa don a tsira, amma ban da ɗan Adam. Tushen wannan duka shi ne girmamawar da Alƙur'ani ya ambata ga 'ya'yan Adam a Suratul Isra'i.

Diyya ita ce wurin da ma'aunin ya fito fili da lissafi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilmi a ƙasar nan ya sani, ta ce diyyar rai raƙuma 100 ce ga masu raƙuma, dinari 1,000 ga masu zinariya, dirhami 12,000 ga masu azurfa. Kada a fahimci cewa ran raƙumi 100 shi ne daidai da ran mutum guda. Raƙuma a nan kuɗi ne, su ne abin da Larabawa ke ƙirga arziki da shi. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne wannan: dabba ƙima gare ta, mutum kuwa diyya. Ƙima tana hawa tana sauka bisa ga kasuwa, ingarman doki ya fi kuru tsada. Diyya ba ta duba amfanin wanda aka kashe. Jariri da tsoho, mahaukaci da babban malami, duk ɗaya ne. Gaskiya ta sa in ƙara da cewa littattafan nan ba su daidaita dukan mutane ba, har ma bawa in an kashe shi ƙimarsa a ke biya, kamar sauran dukiya. Bauta ba ta ƙare ga doka a Nijeriya ta Arewa ba sai 1936. Wanda ya tuna da haka ba zai yi saurin cewa duk layin da kakanni suka ja ya zauna ke nan har abada ba.

Ta wannan ƙofa ce masanan Turai suka shigo. A 1789 Jeremy Bentham na Ingila ya kawo misalin bayi, ya ce yadda aka gane launin fata ba hujja ba ce ta azabtar da mutum, watakila wata rana a gane yawan ƙafafu ma ba hujja ba ce. Abin dubawa a wurinsa shi ne ko abu yana jin zafi, ba ko yana magana ko yana tunani ba. Peter Singer, mutumin Ostareliya, ya faɗaɗa wannan a littafinsa na 1975, ya kawo tambayar da ta fi kowace wuya. In hankali ne ya fifita mutum, to, ƙaton gorila ya fi jariri sabon haihuwa dabara nesa ba kusa ba. Me ya sa ran jaririn ya fi? In kuwa aka ce don shi namu ne, ai abin da mai wariyar launi ke faɗi ke nan.

Tambayar tana da ƙarfi, amma a ganina ta sami wanda ya ce hankalin kowane mutum shi ne farashinsa, mu kuwa ba haka muka ce ba. Hukuncin diyya ya riga ya nuna darajar ba ta rataya ga wayon mutum ɗaya ɗaya ba. Yaron Sinsinati ba a cece shi don abin da ya sani ran nan ba. An cece shi don irin halittar da ya ke: wanda za a tambaya, wanda zai ɗauki alkawari, wanda mutuwarsa ke yanke shekaru masu yawa na niyya da zumunci. Akwai kuma abin da masu gardama kan manta. A duk taron nan, bangare guda ne kaɗai ya ke iya yin laifi. Ba wanda ya zargi Harambe, amma an zargi uwar yaro, an zargi masu shinge, ko da ya ke hukuma ba ta tuhumi uwar ba. Wanda a ke iya zargi, shi ne wanda ke ɗauke da amana, wannan kuwa daraja ce da nauyi a haɗe.

Su kansu masu kare dabbobi ba su kai inda a ke zato sun kai ba. Singer ya ce zafin da ɓera ke ji da wanda mutum ke ji, in sun yi daidai, a ba su nauyi daidai. Amma bai ce kashe ɓera da kashe mutum mai cikakken hankali ɗaya ne ba. Tom Regan na Amurka, wanda ya fi shi tsanani, ya kawo misalin kwalekwale a littafinsa na 1983: mutum 4 da kare 1, wuri kuwa na 4 ne kaɗai. Ya ce kare za a jefa, don hasarar da mutuwa ke jawo wa mutum ta fi girma. Sai ga shi ya sauka a mashigin da malaman Malikiyya suka sauka, ko da ya ke ta wata hanya ya biyo.

Ashe ke nan inda rai ya fuskanci rai, gardama kaɗan ce. Wahalar tana wani wuri, kuma nan ne na ke ganin mu Hausawa mun fi bukatar bincike. Sau nawa a rayuwar mutum ya kan zaɓa tsakanin ransa da ran dabba? Galibi ko sau ɗaya ba ya yi. Abin da ke aukuwa kullum shi ne ran dabba ko wahalarta a gefe guda, ribar mutum ko jin daɗinsa a ɗaya gefen: jakin da aka labta wa kaya bisa gyambo, kajin da aka ɗaure ƙafa aka rataya kai ƙasa tun safe, shanun da a ke cunkusawa cikin mota daga Arewa zuwa Ikko. Mu kan ɗauko hukuncin mas'ala ta fari mu shimfiɗa shi kan ta biyu, mu ce ai dabba ce. Fikihun da muka dogara gare shi bai yarda da haka ba. Muhtasar na Halil ya sa ƙishirwar dabba mai alfarma da ke tare da mutum cikin dalilan yin taimama, watau a ba ta ruwan alwala ta sha, mai ita ya buga ƙasa. Hadisan Buhari da Muslim sun ba da labarin matar da ta shiga wuta sabo da kyanwar da ta kulle har ta mutu, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Suratul An'am kuwa ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummai kamarmu. Karin magana ma ya riƙe gefen biyu: sabo da kaza ba ya hana yanka, amma wanda ya ce kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi, lalle ya ga zaluncin da a ke yi wa kura.

Saura kalma guda, wadda malamai za su ci karo da ita in sun zo fassara littattafan Turawa a aji, watau hakki. Abin da su Regan ke nufi da hakkin dabba shi ne wani abu da dabbar ta mallaka, kamar yadda ɗan ƙasa ya mallaki 'yancinsa, har lauya ya tsaya mata. Bahaushe ma yana cewa hakkin dabba, amma ta wajen mai ɗauka ya ke dubansa: ya kan ce kada ka ɗauki alhakin jakin nan, ko ya ce hakkin dabbobi ne ya kama wane. A wurinsa hakki kaya ne da ke hawa kan wanda ya yi cuta, ya bi shi har lahira, ko da wanda aka cuta ba shi da bakin kai ƙara. Malamin da ya fassara ta farko da ta biyu ba tare da bayani ba, ɗalibansa za su gyaɗa kai su ce sun gane, alhali kuwa maganar Regan dabam, abin da suka ji dabam.