Ka Ɗaura Wa Firinta Fanka: Shin Ka Yi Ƙirƙira Kenan?

Duk wanda ya taɓa buga katin biki a shagon kwamfuta a Gummi ko Anka da damina ya san matsalar: takarda ta fito, ka ɗora yatsa, rubutu ya dagule. Tawadar irin wannan firinta mai feshi yawancinta ruwa ne. Sai takarda ta tsotse wani, iska ta kwashe saura, kafin rubutu ya zauna. Da hunturu nan da nan ne, da damina kuwa iska cike take da laima.

To, a ce wani matashi a Bukkuyum ya ɗaura fanka da ƙaramar hita a bakin firintarsa, aiki ya yi kyau. Zai iya samun takardar mallakar ƙirƙira, ya hana kowa kwaikwayo?

Dokar Nijeriya ta 1970 ta gindaya sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo, ya yi amfani a masana'anta, kuma kada ya zama dabarar da duk ƙwararre a sana'ar zai hango da kansa. Na ukun nan ne wurin rigima. A 1851 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi amincewa da takardar wasu da suka yi mariƙin ƙofa da tangaran maimakon katako ko ƙarfe, domin kayan aiki kawai suka sauya. A 2007, a shari'ar KSR da Teleflex kan totur ɗin mota, ta ce haɗa tsofaffin dabaru su ba da sakamakon da kowa ke tsammani, da wuya ya zama ƙirƙira.

Haka ake auna dabarun busar da tawada. Ai ko mai shanyar tumatur ya san zafi da iska na busarwa. Abin da zai ceci matashinmu shi ne sakamakon ba-zata: misali tawada ta bushe, takarda ba ta lanƙwashe ba, wutar da aka ci kuma ta ragu sosai.

Sai dai a kula. A Nijeriya ofishin rajista ba ya bincikar ko abin sabo ne kafin ya ba da takardar. Ranar da wani ya ƙalubalance ta a Babbar Kotun Tarayya ake sanin ƙarfinta, kuma tana iya rushewa bayan ka zuba jari.

Don haka ka auna, ka rubuta alƙalumanka. Kada kuma ka yaɗa dabarar a Facebook kafin ka shigar da takardar nema, domin da ta bazu ta daina zama sabuwa a idon doka.