Inshorar lafiya a Daura: ina gaskiya, ina shaci-faɗi?

Da zarar an ambaci inshorar lafiya a majalisun Daura, sai baki ya rabu. Wani ya ce haramun ce, wani ya ce ta ma'aikatan gwamnati ce kawai, wani kuma ya rantse cewa mutumin Daura ba zai taɓa ɗaukar kuɗinsa ya ba kamfani ba alhali yana zaune lafiya ƙalau.

Maganar addini ita ce ta fi toshe kunnen jama'a, kuma rabinta gaskiya ce. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke karɓar kuɗi don neman riba, akwai garari a cikinta, ba ta halatta ba. Amma a hukuncin nan ne dai ta halatta inshorar taimakekeniya, inda mutane ke zuba gudummawa a asusu ɗaya, wanda ciwo ya kayar a yi masa magani daga ciki. Masu yaɗa rabin fatawa su ɓoye rabi ba su yi wa jama'a adalci ba. Tun 2013 hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar taimakekeniya, a Nijeriya, kuma hukumar inshorar lafiya da Jihar Katsina ta kafa, KTSCHMA, a kan taimakekeniya aka gina ta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da kamfani ba yana da wata ƙofar.

Batun cewa ta ma'aikata ce kawai tsohon labari ne. Da su aka fara shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, a 2005, shi ya sa maganar ta zauna a bakin mutane. A watan Mayun 2022 marigayi Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Akwai kuma tsarin GIFSHIP da ɗan kasuwar Mai'adua ko manomin Baure zai iya shiga shi kaɗai, ko da iyalinsa, ko ta ƙungiyarsu.

To, da gaske ne mutane ba sa son biya? A ganina nan ne aka fi yi musu ƙazafi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata da danginsu yake fitowa. A Sandamu ko Zango, idan haihuwa ta zo da gardama aka ce sai tiyata, nan take ake kai rago kasuwa, a sayar da buhun gero a farashin wulaƙanci, a nemi a ba uwargida kwasar adashe kafin lokacinta. Mutumin da ke yin wannan biya yake yi, sai dai yana biya a ranar da ba shi da zaɓi. Abin da ke da tushe shi ne, kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda ake kira HMO, sun fi tsara hajarsu don masu albashi a Legas da Abuja, inda ma'aikata ke saya wa ma'aikatanta. Manomi kuwa da kaka yake riƙe kuɗi, kuma mafi ƙarancin albashi ma naira 70,000 ne. Duk wanda ya zo karɓar kuɗin shekara a tsakiyar damina, lokacin da ake neman na taki, zai koma ya ce babu kasuwa a Daura.

Akwai kuma ƙaryar da masu talla ke bari ta wuce: wai katin inshora na ɗauke komai. Ba haka ba ne. A tsarin ma'aikata na tarayya majiyyaci na biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, kuma rajistar ta ƙunshi ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu da 'ya'ya goma sai ya ƙara kuɗi. Na kamfanoni kuma kowanne da iyakarsa, galibi da wa'adin jira kafin haihuwa ko tiyata su shiga. Idan shekara ta ƙare ba ka yi ciwo ba, ba a mayar maka da kuɗinka.

Kukan cewa mai kati yakan je asibiti a ce masa babu magani, wannan yana faruwa. Asibitoci sun daɗe suna ƙorafin jinkirin biya daga HMO, kuma majiyyaci ne ke shan wahalar. Amma yana da ikon kai ƙara hukumar NHIA, yana da ikon canza asibiti.

Mai karatu, kafin ka biya ko sisi, ka nemi a nuna maka a rubuce asibitin da zai karɓi katinka: Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Daura ce, ko sai ka hau mota zuwa Katsina ko Kano. Idan sun kasa nunawa, ka riƙe kuɗinka.