Byang Kato da Muhawarar Bishara da Al'adun Gargajiya

Ƙananan ikilisiyoyin da ke Dungas da Magarya, a kudancin jihar Damagaram, reshe ne na wani aiki da ya faro nesa da su, domin ƙungiyar 'yan mishan ta SIM, wadda aka kafa a 1893, ta fara kafa ƙafa ne a Nijeriya kafin ta tsallaka zuwa birnin Damagaram a 1924, daga bisani kuma ta buɗe tashoshi a wurare irin su Tsibiri da Galmi da Dungas. Daga wannan aiki ne aka sami ikilisiyar ECWA a Nijeriya a 1954, da takwararta EERN a Nijar a farkon shekarun 1960, kuma duk da iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakaninsu, Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932 shi ne ɓangarorin biyu suka tashi suna karantawa. Wannan zumunci ya sa tarihin Byang Henry Kato, marubucin da ya fi kowa suna wajen kare akidar wannan zuriya ta ikilisiyoyi, ya shafi Kiristan Dungas kamar yadda ya shafi na Jos, ko da yake shi ba Bahaushe ba ne, kuma da Ingilishi ya yi littattafansa.

Mai kare addini da hujja shi ne marubucin da ya ɗauki nauyin amsa suka da tambayoyin da ake yi wa bangaskiyarsa, yana kafa dalili daga nassi da hankali da tarihi. Irin wannan rubutu ya daɗe a cikin Kiristanci, tun daga Jastin Shahidi a ƙarni na 2 har zuwa C. S. Lewis na Birtaniya a ƙarni na 20, kuma Musulmi sun san makamancinsa a littattafan raddi da na ilmin kalam. Abin da ya bambanta Kato shi ne cewa waɗanda ya yi jayayya da su malaman Kirista ne 'yan uwansa 'yan Afirka, kuma batun jayayyar shi ne matsayin addinin kakanni a wurin wanda ya karɓi bishara.

An haife shi ranar 23 ga Yuni, 1936, a Sabzuro kusa da Kwoi, a kudancin jihar Kaduna ta yau, cikin ƙabilar da Hausawa ke kira Jaba, su kuwa suke kiran kansu Ham. Ƙasa ce ta noman citta, a cikinta ne kuma ƙauyen Nok yake, wanda tsofaffin mutum-mutumin yumɓu suka sa sunansa ya zaga duniya. Iyayensa mabiya addinin gargajiya ne, kuma tun yana jariri mahaifinsa ya keɓe shi domin ya zama mai hidimar tsafi, sannan da ya kai kimanin shekara 10 aka shigar da shi al'adar horon samari a daji, wadda ake mai da yaro cikakken namiji da ita a idon ƙabila. Wannan tushe shi ne mabuɗin dukan abin da ya rubuta daga baya, domin a duk lokacin da ya yi magana a kan tsafi da iskoki da hadaya, yana maganar gidan da ya tashi a cikinsa ne, ya san tsoron da ke tattare da su kamar yadda ya san kwanciyar hankalin da suke ba wa mai bin su.

SIM tana da tasha a Kwoi tun 1910, kuma a makarantarta ta firamare ne Kato, yana ɗan shekara 12, ya ji ana ba da labarin Nuhu da jirginsa, ya fahimci labarin a matsayin kira zuwa ga mafaka, ya tashi a gaban 'yan ajinsu ya bayyana cewa ya ba da gaskiya ga Almasihu. Mahaifinsa ya ɗauki abin a matsayin cin amanar gida, ya yi masa duka, ya hana shi abinci, ya kuma ƙi biyan kuɗin makaranta, har sai da yaron ya riƙa yin aiki wa 'yan mishan domin ya ɗauki nauyin karatunsa. An yi masa baftisma a 1948, wato alamar shiga ikilisiya ta hanyar nitsarwa a ruwa, kuma bayan wasu shekaru iyayen nasa su ma suka zama Kirista. Ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, a jihar Kwara ta yau, a 1955, ya auri Jummai a 1957, ya koyar a makarantun horar da masu bishara na yankinsu, inda Hausa ce harshen da ke haɗa ƙabilu a majami'a, yana kuma karatun jarrabawar sakandare ta hanyar wasiƙa a lokaci guda.

Alƙalaminsa ya goge ne a Legas, a mujallar African Challenge da SIM ke bugawa, inda ya yi aikin rubutu da amsa wasiƙun masu karatu. Wanda ya saba amsa tambayar ɗalibi da ta ƙaramin ma'aikaci dole ya koyi gajeriyar magana mai kai tsaye, kuma wannan salo bai rabu da shi ba ko bayan da ya tara digiri. Ya tafi kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Landan a 1963, ya dawo da digirin tauhidi a 1966, aka zaɓe shi babban sakataren ECWA a 1967, shekarar da yaƙin basasar Nijeriya ya ɓarke, daga nan ya wuce makarantar tauhidi ta Dallas a Amurka a 1970, inda ya sami digirin digirgir a 1974.

Domin a fahimci abin da ya dame shi, sai an tuna da iskar da ke kaɗawa a Afirka a waɗannan shekaru. Ƙasashe sun sami 'yancin kai, masana suna ƙoƙarin wanke al'adun nahiyar daga ƙasƙancin da mulkin mallaka ya jefa su, kuma malaman tauhidi ba su tsaya a baya ba. Bolaji Idowu na Jami'ar Ibadan ya wallafa nazarinsa a kan Olodumare, sunan Ubangiji a wurin Yarbawa, a 1962, John Mbiti ɗan Kenya kuma ya fitar da shahararren littafinsa a kan addinai da falsafar Afirka a 1969, dukansu biyu suna nuna cewa kakanni sun san Allah tun kafin zuwan Turawa, kuma addininsu shimfiɗa ce da bishara ta zo ta hau. A fagen siyasa abin ya fi haka zafi, domin Mobutu na Zayar ya hana amfani da sunayen baftisma a 1972, Tombalbaye na Chadi kuwa ya tilasta wa manyan ma'aikata da sauran mutanen kudu shiga al'adar horo ta yondo daga 1973, inda Kiristan da suka ƙi suka sha azaba, wasu suka rasa rayukansu. Tambayar ko Kirista zai iya komawa dajin horo, wadda ake tattaunawa cikin natsuwa a jami'a, ta zama batun rai da mutuwa a kudancin Chadi.

A cikin wannan yanayi aka zaɓi Kato a 1973, a Limuru ta Kenya, babban sakataren ƙungiyar ikilisiyoyin bishara ta Afirka da Madagaska, shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe muƙamin. Littafinsa mafi suna, Theological Pitfalls in Africa, wato ramukan da tauhidi zai iya faɗawa a Afirka, ya fito a 1975, kuma haɗura biyu ya sa a gaba. Na farko shi ne gauraya addini, ma'ana ɗaukar ibadar gargajiya a cusa ta cikin Kiristanci har a rasa gane iyakar kowanne. Na biyu shi ne akidar cewa kowane addini hanyar ceto ce, don haka kowa zai tsira a ƙarshe. Kato bai musa cewa kakanninsa sun san akwai Mahalicci ba, ya ma kawo misali da Jaba, waɗanda ke kiran Ubangiji da sunan Nom, amma ya ce wannan sani da ake samu daga duban halitta da muryar lamiri yana nuna wa mutum cewa akwai Allah ne kawai, ba ya sulhunta shi da Allah, sulhun kuwa a akidarsa ta wurin Almasihu kaɗai yake samuwa. A gefe guda ya goyi bayan a yi wa'azi da harshen mutane, a rera waƙa da kayan kiɗansu, a sa tufafinsu, a kuma amsa tambayoyin da ke damunsu da gaske, irin su auren mata fiye da ɗaya da tsoron maita, ya kuma bayyana wannan ra'ayi a babban taron masu bishara da aka yi a Lozan ta Suwizalan a 1974. Ƙa'idarsa ita ce Littafi Mai Tsarki ya zama alƙali a kan kowace al'ada, har da ta Turawan da suka kawo shi.

Mai karatu Bahaushe, Musulmi ne ko Kirista, zai ga cewa ya san wannan muhawara tun kafin ya ji sunan Kato. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya kasa mutanen ƙasar Hausa na zamaninsa kashi uku, ya ware masu haɗa sallah da yanka wa itatuwa da duwatsu a matsayin rukuni na musamman, kuma har yau malamai suna jayayya a kan bori da laya da wasu bukukuwan aure da suna, wanne ne al'adar da ba ta da laifi, wanne ne ya taɓa tauhidi. Tambayar iri ɗaya ce, nassin da ake komawa gare shi ne ya bambanta. Ga Kiristan Nijar, waɗanda ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'a ba, abin yana da ƙarin nauyi, domin mai bi a Dungas yana zaune ne tsakanin 'yan uwa Musulmi, yana zuwa sunansu da jana'izarsu, yana cin kasuwar Maigatari tare da su, kuma kusan kowane mako sai ya yanke wa kansa hukunci a kan abin da zai shiga da abin da zai ja baya daga gare shi, ba tare da ya yanke zumunci ba.

Littafin na Kato bai tsira daga suka ba, kuma wasu daga cikin sukar suna da tushe. Masanin tauhidi ɗan Ghana, Kwame Bediako, a nazarinsa na 1992, ya ga cewa Kato ya yanke alaƙa tsakanin bishara da tarihin addinin Afirka fiye da kima, har ya rage wa Kiristan nahiyar abin da zai gina sanin kansa a kai. Wasu sun ce ya tsananta wa Mbiti, wasu kuma sun ce ya ɗauko rigingimun ikilisiyoyin Amurka ya shigo da su Afirka, musamman da yake ya ƙi goyon bayan kiran da John Gatu na Kenya ya yi a 1971 cewa a dakatar da karɓar 'yan mishan da kuɗin waje na ɗan lokaci. Gaskiya ne cewa ya ba da shafuka masu yawa ga abin da ya kamata a guje masa, kaɗan kuma ga abin da ya kamata a riƙe daga gadon kakanni, kuma littafin yana ɗauke da zafin takardar digiri da aka mayar littafi cikin gaggawa. Amma zargin cewa bakin Turawa ne kawai bai yi masa adalci ba, domin mutumin da aka keɓe wa tsafi tun yana cikin zanen goyo, ya kuma sha duka a kan barinsa, ba ya bukatar wani malamin Dallas ya gaya masa cewa akwai bambanci tsakanin hanyoyin biyu.

Bai sami damar amsa yawancin masu sukarsa ba. Bayan ya halarci taron Majalisar Ikilisiyoyin Duniya a Nairobi a ƙarshen 1975, ya tafi hutu da iyalinsa gaɓar teku kusa da Mombasa, inda ruwa ya ci shi ranar 19 ga Disamba, 1975, yana da shekara 39. Ya sha kamanta halin ikilisiyar Afirka da mai ciwon ƙarancin jini, wato tana da yawan jama'a amma ba ta da zurfin ilimin tauhidi, kuma maganin da ya tsara shi ne manyan makarantu da hukumar tantance ingancinsu da kuma littattafan da 'yan Afirka suka rubuta da kansu. An aiwatar da shirin bayan rasuwarsa, inda aka kafa hukumar tantancewar a 1976, aka buɗe makarantar tauhidi ta Bangi a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 1977 domin ƙasashe masu amfani da Faransanci irin Nijar, sannan ta Nairobi a 1983 domin masu Ingilishi. An tattara wasu laccocinsa aka buga su a 1985, kuma makarantar tauhidi ta ECWA da ke Jos ta sa wa ɗakin karatunta sunansa.