Sikelin Auna Albarushi: Wanne Ne Mai Araha Da Ba Ya Ƙarya?

 Shirin yau zai kai mu Amurka, wajen mafarauta da masu gasar harbi waɗanda ba sa zubar da kwanson harsashi bayan sun harba. Tsince shi suke yi su sake cika shi da albarushi a gida, kuma doka ta ba su dama. A Najeriya kam dokar bindigogi ta 1959 ta hana wannan, mu ilimin awon kawai muke bi.

Abin da ya fi ɗaure wa sabon shiga kai shi ne sikelin da zai saya. Su da wani ma'auni suke aiki mai suna giren. Giram ɗaya ya kai giren 15.4, laba ɗaya kuma giren 7,000 ce. Ana so kuskuren sikeli kada ya wuce giren 0.1, wato miligiram shida da rabi. Ka ga ƙanƙanta ke nan. Harsashin ƙaramar bindiga giren kaɗan yake ɗauka, to idan awo ya zarce, bindigar na iya tarwatsewa a hannun mai ita, a rasa yatsu ko ido.

Akwai sikeli mai sanda, irin na da, kamar Lee Safety Scale ko RCBS 5-0-5 wanda kamfanin Ohaus ya ƙera. Ba ruwansa da batir, nauyi ne ke rinjayar nauyi, sai maganaɗisu da ke tsayar da lilon sandar. Aibinsa jinkiri, kuma dole teburi ya daidaita, idonka ya yi daidai da allurar.

Mai lambobi kuwa, a nan ake yaudarar mutane. Masu arahar suna da wani ɗan ƙarfe a ciki da ke lanƙwasa idan an ɗora kaya, na'ura ta fassara lanƙwasar zuwa lamba. Zafin ɗaki na taɓa shi, iskar fanka na taɓa shi, haka batir mai rauni ko waya a kusa. Shi ya sa ake kunna shi a bar shi ya ɗumama kafin a fara. Wani ma idan kana zuba ƙwayoyin albarushi ɗaya bayan ɗaya, sai ya ɗauka kaucewa ya yi, ya mayar da kansa sifili, lambar ta tsaya alhali nauyi na ƙaruwa. Kuma don Allah a gane, yawan lambobi bayan ɗigo ba shi ne gaskiyar awo ba. Sikeli na iya nuna maka 0.01 kuma ya yi ƙarya da 0.2.

Akwai na ƙwarai irin A&D FX-120i mai gane miligiram ɗaya, amma wannan maganar ɗaruruwan daloli ce.

Ni a ganina, mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki mai sanda, canjin da ya rage ya sayi ƙarafan gwaji, wato ƙananan ƙarafa da aka san ainihin nauyinsu. Babban ƙarfen saiti da ke zuwa cikin kwalin mai lambobi, mai giram 50 misali, bai isa ba, domin ya yi nisa da ɗan abin da ake aunawa. Ƙarfen da nauyinsa ya yi kusa da awon ake ɗorawa, kafin a fara aiki da kuma tsakiyar aiki.