Giya Ta Ƙi Shiga? Kada Ka Yi Saurin Sauke Giyabos

Ka taso daga Garu da Sharon cike da fasinjan Illela, ka taka kuloci ka ji shi laɓo-laɓo, giya sai gurnani take. Tsaya tukuna.

Kashe injin ka gwada. In giyar ta shiga sumul, kulocin ne ba ya saki. Buɗe bonet ka duba robar man birki, don a Sharon daga nan kuloci ke shan mai. Ya ragu? A nemi yoyo a masta ta sama da ta ƙasa, a zuba DOT 4, ba baƙin mai ba, bakanike ya cire iska.

Amma fa yoyon kan iya zama na birki. Kada ka sake yin lodi sai an gano shi.